Ƙasar da Tafki Ya Bari

Ni na roƙa aka tura ni bakin tafki. Lokacin da muka gama makarantar horon malamai, kowa a cikinmu yana neman a bar shi a Garwa, ko Marwa, ko garin Gidar in ta ƙure, inda akwai kwalta da lantarki. Ni kuwa na ce a kai ni can ƙuryar arewa, gaba da Kusiri, wani sabon gari da masunta suka kafa a bakin tafkin Chadi. Mutumin da ke rarraba mu ya ɗago kai ya dube ni, ya tambaye ni ko na san wurin. Na ce masa yayana yana can.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni da Yaya, kuma akwai tazara sosai a tsakaninmu. Kakanmu ya zo Garwa ne daga ƙasar Kano da jakuna, yana fataucin kanwa da goro, kasuwa ta karɓe shi ya zauna. A nan aka haifi babanmu, a nan ya rasu ina ƙarami. A gida Hausa muke yi, in mun fita Fillanci, a lekol, wato makarantar boko, Faransanci, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko mu 'yan ina ne ba. Yaya bai daɗe a lekol ba. Ya shiga kasuwa ya koyi harkar banda, ya riƙa bin kifi daga kogin Binuwai har ya kai tafki. Shi ya riƙe gida, shi ya riƙe karatuna. Auta yake ce mini, bai daina ba har na fara furfura.

Garin da na tarar ba shi da tarihi. Tsofaffin masunta sukan nuna maka inda kake tsaye su ce a nan suka taɓa jefa taru. Ruwa ya yi ta ja da baya, ya bar baƙar ƙasa mai laushi wadda masara da wake ke so, mutane kuma suka bi shi da zanarsu da tukwanensu. Akwai Hausawa, da Barebari, da Shuwa, da Kotoko, har da mutanen Mali. Da yawansu daga Najeriya suka zo, domin hanya ta fi kusa ta can, kuma babu wanda ya ce musu sun tsallake wani abu. Ba dutse, ba kogi, ba shinge. Hayaƙin banda ne kawai a ko'ina, yana shiga riga da littafi da tuwo, sai sauro.

Makarantata rumfar zana ce, da allon da na ɗauko a bayan mota, da doguwar sanda mai tuta a gaba. Gwamnatinmu a garin ita ke nan: ni, da tutar, da wani jandarma, jami'in tsaro, da ke leƙowa wasu ranakun kasuwa in hanya ta bushe. Yaya ya riga ya auri 'yar wani masunci daga ƙetare, ɓangaren Najeriya, mace mai haƙuri da son dariya, kuma a shekarar da na je suka haifi 'yarsu ta fari. Ni na riƙe ƙafar ragon sunanta. A gidansu nake cin abinci, a ɗakin da ke ƙofar gida nake kwana.

Da hantsi suka zo, ranar kasuwa. Na ji ƙarar injin jirage daga bakin ruwa, ta fi ta masunta nauyi, amma ban fita ba, ina tsakiyar darasi. Sai na ga yaran da ke bayan aji sun juya suna kallon waje. Sojoji ne, cikin kakin da ba namu ba, suna tafiya tsakanin masu tallar tarwaɗa a hankali kamar waɗanda suka zo sayayya. Ba a harba komai ba. Ba wanda ya gudu.

Babbansu ya zo har bakin rumfa ya yi sallama. Dogo ne, yana da zane a kumatu.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa, sannu."

"Kai ne malamin nan?"

Na ce ni ne. Hausarsa irin ta fataken da ke sauka a zaurenmu ce ina yaro, mai nauyi, ba Fillanci ko ɗaya a cikinta.

"Bahaushe ne kai?"

"Daga Garwa nake."

"Ba gari na tambaye ka ba." Ya yi murmushi. "Iyayenka mutanen ina ne?"

Na gaya masa garin kakanmu. Ya ce ai mahaifiyarsa ma daga wajen take, ya ambaci wata kasuwa da na sha jin sunanta a bakin Inna. Ya ce, "To ka kwantar da hankalinka, gida ne ya zo ya same ka." Sannan ya nuna sandar da ke gaban rumfa. Ya ce mutanensu ne suka fi yawa a garin, sun zo ne su kula da su, don haka wannan tutar za a sauke. Ya tambaye ni ko ina so in sauke da hannuna.

Ban matsa daga inda nake ba. Da ya ga haka sai ya yi wa wani soja alama. Igiyar ta maƙale a sama, sojan ya yi ta girgiza sandar kafin ta saki. Ya ninke tutar da kyau, kusurwa a kan kusurwa, ya miƙo mini. Na karɓa.

Na daɗe ina neman abin da na ji a lokacin, ban same shi ba. Abin da na iya tunawa shi ne akwai alli a hannuna, ya bar shatin yatsuna a kan ƙyallen, na tsaya ina ƙoƙarin kakkaɓewa. Wata yarinya a gaban aji ta kira ni yadda ake kiran malami a lekol, ta ce, "Metir, gobe akwai lekol?" Na ce ban sani ba. Na sallame su suka tafi kasuwa.

Kasuwa ta ci har la'asar kamar kullum. Da na koma gida na tarar da Yaya a gaban murhunsa yana juya kifi a kan raga, idonsa ja saboda hayaƙi.

"Ka ji abin da aka yi?" na ce.

"Na gani."

"Sun sauke tuta."

"Na ce maka na gani, Auta. Miƙo mini itacen can."

Na miƙa masa.

A kwanakin da suka biyo baya na zauna ina jiran namu su zo. Kullum da safe nakan fita bakin hanyar da ta taho daga kudu in tsaya. Jandarman nan bai sake leƙowa ba. Ina kunna rediyo, ana labarin ƙwallo da farashin auduga da tafiyar manya, ba a ambaci garinmu ba. Su kuwa baƙin ba su naɗe hannu ba. Suka kira bulaman gari suka tabbatar masa da sarautarsa. Suka kafa rumfar 'yan sanda kusa da inda jirage ke tsayawa. Naira da ma tana yawo a kasuwa tare da kuɗinmu na sefa, sai a hankali sefar ta ɓace. Ba wanda aka doka a gabana. Mutane da yawa ma murna suke yi, don an ce za a haƙa rijiyar burtsatse a kawo likita.

Babban sojan ya sake nemana. Ya ce za su buɗe makaranta, suna son malami ɗan gari, in na iya Ingilishi aiki nawa ne. Na ce ban iya ba. Ya ce ana koyo. Na yi masa godiya.

Yaya ya ce in zauna in kama masa banda, ya fi albashi albarka. Na ce ni ma'aikacin gwamnati ne, dole in koma in faɗi abin da ya faru. Na ce shi ma ya kwashe iyalinsa mu tafi kafin abu ya ɓaci.

"In tafi ina?"

"Gida. Garwa."

"In yi me a Garwa? Murhuna yana nan, jiragen da ke kawo mini kifi suna nan, surukaina suna nan. Ni banda na zo yi. Wanda ya ga dama ya kafa sandarsa."

"Inna fa?"

Ya ce in gaya mata yana nan zuwa da salla. Matarsa ta ɗaure mini kifi a kwali da garin yaji, na sa tutar a ƙasan jakata, na bi motar masu masara.

A Kusiri na nemi ofishin da ya kamata, aka sa ni jira a kan benci har bayan azahar. Wanda ya gan ni ɗan kudu ne, mai ƙiba, fanka na kaɗa takardun teburinsa. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sai ya tashi ya kai ni gaban taswirar da ke bango ya ce in nuna masa garin. Na bi hanya da yatsa, na wuce gari na ƙarshe da aka rubuta, yatsana ya shiga cikin shuɗi. Tsohuwar taswira ce, inda makarantata take ruwa ne a cikinta. Muka tsaya mu biyu muna kallon wurin.

Ya ce sun riga sun ji labari, manya na kan maganar, ƙasashen biyu 'yan uwa ne, kada in yi ta yaɗa abin a gari. Na fito da tutar na ajiye masa a tebur. Ya dube ta, ya dubi kabad ɗinsa da ya cika da takardu, ya ce in bar ta wajen masinja a waje.

Aka mayar da ni wata makaranta a Garwa, ba nisa da gida. Na yi aure, na haihu, na sayi babur. Rayuwa ta ci gaba yadda take ci gaba da kowa.

Yaya ya zo da sallar nan kamar yadda ya ce, amma ba ta hanyar Kusiri ba. Ta nan an fara tsananta bincike, ana kallon duk wanda ya fito daga garin kamar ɗan leƙen asiri. Sai ya zagaya ta ƙetare, ya gangaro kudu ya shigo ta wajen Mayo-Ulo, tafiyar da ta ninka ta da. Ya nuna mini sabuwar takardar shaidar da aka yi masa a can. Ya ce in ba da ita ba, ba zai iya kai kifinsa kasuwa ba, kuma duk kasuwarsa yanzu can ta koma. Tsohuwar tamu kuwa wa'adinta ya ƙare, babu inda zai sabunta ta. Na juya takardar, na ga hotonsa, na mayar masa.

Da farko duk shekara yake zuwa. Daga baya ya riƙa tsallake shekara. 'Ya'ya sun ƙaru, hanya ta yi tsada, jiki ya fara nauyi. Yakan aiko da kwalin banda ta hannun direbobi, wani lokaci ya iso, wani lokaci a ce masu duwan, wato 'yan kwastan, sun riƙe. Inna ba ta taɓa fahimtar abin da ya faru ba, ko kuma ba ta so ta fahimta. A wajenta ɗanta ya tafi cin rani ne ya daɗe.

A makaranta ba wanda ya zage ni. Amma in aka zauna ƙarƙashin dogonyaro ana shan shayi maganar iyaka ta taso, wani zai juyo ya ce, "Ai danginku ne, Metir, ka yi musu magana mana." A yi dariya. Ni ma in yi. Wata rana shugaban makarantarmu ya tambaye ni, ba da wata manufa ba, ko in ana ƙwallo tsakanin ƙasashen biyu wa nake goyon baya. Na ce ba na kallon ƙwallo.

Bayan shekaru sai muka ji a rediyo an kai ƙara wata babbar kotu a ƙasar Turawa, inda ƙasashe ke kai ƙarar juna. Ba don garinmu aka kai ba. Can kudu a bakin teku aka yi faɗa a kan wani yanki da aka ce akwai mai a ƙarƙashinsa, aka kashe sojoji, duniya ta ji. Da za a shigar da ƙarar sai aka haɗa da maganar tafki. Ranar da na fara jin sunan garin a bakin mai labarai ban gane shi ba, ya karkata shi ya zama wata kalma dabam.

Na gaya wa Inna an kai maganar gaban alkali. Ta ji daɗi, don ta san alkali. Tun daga nan duk lokacin da ta ga na kashe rediyo sai ta ce, "Auta, me alkalin ya ce?"

"Sun ɗaga, Inna."

"Zuwa yaushe?"

"Ba su faɗa ba."

"Wane irin alkali ne wannan? Ba ya jin tsoron Allah?"

Na ce alkalan da yawa ne, daga ƙasashe daban-daban, kuma suna karanta tsofaffin takardun da Turawa suka rubuta tun kafin a haife ta. Ta ce to Allah Ya ba su ikon gamawa. Haka muka yi ta yi. Ƙasashen waje suna kira a kai zuciya nesa, ana taro, ana gaisawa a gaban masu hoto, ana sake ɗagawa. Inna ta daina zuwa kasuwa, ta daina fita tsakar gida, daga baya ta daina tambaya.

Ta rasu a lokacin zafi, da rana tsaka. Na aika wa Yaya ta bakin wani direban motar kifi. Saƙon ya yi kwanaki a hanya, shi ma ya yi kwanaki a hanya. Da ya iso an riga an yi sadakar bakwai, an naɗe tabarmi. Muka sake shimfiɗa ɗaya a zaure domin masu zuwa yi masa gaisuwa. Tsofaffin unguwa da suka san shi tun yana yawo ba wando suna zuwa su yi addu'a, in sun shafa sai su ce, "Yaya mutanen ƙasarku?" Yana amsawa, "Lafiya lau." Bai yi kuka a gabana ba, ni ma ban yi a gabansa ba. Ya shiga ɗakinta ya daɗe, ya fito ya ce fankar ɗakin tana ƙara, in sa a duba.

Hukuncin ya fito bayan mun saba da rashinta. Ina wajen mai gyaran babur aka faɗa a rediyo: kotu ta ce yankin namu ne, na teku da na tafki duka. Wasu samari suka bi titi suna danna oda. Washegari malamai suka yi ta miƙo mini hannu kamar ni na ci shari'ar. Na karɓi gaisuwarsu, na shiga aji.

Aka ɗauki lokaci kuma ana tattauna yadda za a miƙa. Da ranar ta matso sai aka tuna akwai malamin da ya taɓa koyarwa a can. Aka sa ni cikin waɗanda za su je su karɓi makaranta.

Ban gane garin ba. Ya zama babban gari, da gidajen bulo da rufin kwano, da masallacin Juma'a, da asibiti, da famfunan burtsatse. Inda rumfata take an gina azuzuwa masu fenti. Ruwa ya ƙara nisa, sai ka hau babur kafin ka kai bakinsa. Na tambayi gidan Yaya aka nuna mini, ƙofar ƙarfe ce yanzu. Jaririyar da na bari ita ta buɗe mini, budurwa doguwa da littafi a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Baffa." Ta san ni a hoto.

Ranar miƙawa aka kafa rumfuna a filin makaranta. Fararen motoci suka zo da baƙi daga ƙasashen waje, Turawa da baƙaƙe, da huluna masu faɗi da gorunan ruwa. Manyan ƙasashen biyu suka zauna a kujerun gaba. Aka yi jawabi da Ingilishi, aka yi da Faransanci. Mutanen gari suna tsaye a rana ba su ji ko ɗaya ba, sai can aka samo wani ya taƙaita musu da Hausa: babu wanda za a kora, kowa ya zauna a gidansa, duniya ta yaba wa ƙasashen biyu da suka rabu ba jini. Aka busa ƙaho, aka sauke tutarsu, aka ɗaga tamu. Waɗanda ke cikin rumfa suka tafa.

Wata mata cikin baƙin ta zagayo tana gaisawa da mutane. Aka ce mata ni ne malamin da aka kora a da. Na ce ba a kore ni ba, tafiya na yi. Ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce da Faransanci lallai yau babbar rana ce a wajena. Na ce haka ne. Ta saki hannuna ta wuce gaba. Kafin la'asar motocin sun tafi.

A makon nan malamansu suka tafi, likitan ya tafi, 'yan sandansu suka tafi. Namu jandarmomin suka shigo, yara matasa daga kudu, ba Hausa ba Barbarci, suna tambayar takarda da Faransanci ana kallonsu. Ba su yi wa kowa komai ba. Amma mutane suka fara ɗaure kaya. Kullum da safe sai ka ga mota ta cika da katifu da kwanon rufi ta nufi yamma.

Na sami Yaya a bayan gida yana cire ragar murhunsa. Gemunsa ya yi fari, tari ya kama shi irin na masu banda. Na tsaya ina kallonsa yana naɗe wayar.

"Yaya, kai ba baƙo ba ne. A Garwa aka haife ka. Zan tsaya a yi maka takarda."

"Na sani."

"To me ya sa?"

Ya ajiye wayar ya zauna a kan bulo. Ya ce, "Ni za a yi wa takarda. Uwarsu fa? Su fa? Yarinyar nan saura kaɗan ta gama sakandare, tana so ta yi aikin asibiti. Ka ce ta koma ajin farko ta zauna da yara tana koyon gaisuwa da Faransanci?"

Na ce akwai makarantun Ingilishi a ƙasarmu, a Garwa ma akwai. Ya ce ya sani, amma masu sayen kifinsa duk suna can, waɗanda yake bi bashi da waɗanda suka saba da shi. Ya ce ya tsufa da sabon farawa.

"Da can na ce ka tafi ka ƙi," na ce. "Yanzu na ce ka zauna."

"Da can ma iyalina na bi, Auta. Yanzu ma su nake bi."

Na kama masa ɗaya gefen ragar muka ɗora a kan mota. Matarsa ta ba ni tukwanen da ba za su iya ɗauka ba, ta ce in kai wa matata. Gidan ya sayar wa wani Bashuwa. Ranar da za su tashi na raka su har inda aka kafa sabon shinge a bayan gari, igiya ce da tsummoki a jiki tsakanin ganga biyu. Jandarman ya sauke igiyar, motar ta wuce, ya sake ɗagawa. Na koma makaranta a ƙafa.

Na yi shekara guda a can na nemi a mayar da ni gida. Aka mayar da ni.

Yaya ya zauna a wani gari a ƙetare, ba nisa da tafki. Da wayar hannu ta zo mukan yi magana, ya tambayi yara in tambayi tari. Daga baya rikicin 'yan bindiga ya tashi a yankin, suka gudu cikin birni da abin da suka iya ɗauka, murhun da ragar duk suka tsaya a can. A birnin ya rasu, a gidan haya. Hanya ba ta biyuwa a lokacin, ban je ba. A waya na yi wa matarsa gaisuwa, layin yana yankewa.

'Yar tasa ta yi aikin asibitin. Da hanya ta ɗan lafa ta zo Garwa sau ɗaya, da goyo a bayanta. Ta ce tana so ta ga gidan da aka haifi babanta. Na zagaya da ita ɗaki-ɗaki, ta gaisa da 'ya'yana, su suna sa Faransanci a Hausarsu ita tana sa Ingilishi, suna yi wa juna dariya. Ta ce in kai ta inda aka binne kakarta. Na ɗauke ta a babur muka tsaya a bayan katangar maƙabarta, na nuna mata ɓangaren da nake zato, wajen wata bishiya. Ta yi addu'a daga nan waje.

A hanyar komawa 'yan sanda suka tare mu kusa da gada. Ɗaya ya tambaye ta takarda, ba ta gane ba, na fassara mata. Ta ciro fasfo ta miƙa. Ya buɗe, ya duba inda aka rubuta garin haihuwa, ya ce ai wannan garin namu ne. Na ce haka ne. Ya ce to me ya sa take riƙe da fasfon wata ƙasa? Na ce labarin yana da tsawo. Ya dubi jaririn da ke barci a bayanta, ya mayar mata da fasfon, ya ce mu wuce.